Accra: In Zauna Ko In Koma Salaga?

Ranar wata Talata bayan sallar magariba mai gidanmu ya aiko jikarsa ta kira ni. Tun kafin in sa takalmi na san maganar da za a yi, don duk ɗan haya a Accra ya san watan da adibas ɗinsa zai ƙare fiye da yadda ya san ranar haihuwarsa. Na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe. Muka gaisa, ya tambayi 'yan makaranta, ya tambayi jikin 'yata, sannan ya yi gyaran murya.

"Malam, kai ma ka ga yadda gari ya koma. Siminti ya tashi, kwano ya tashi. In wannan ya ƙare, ɗaki da falon nan sidi 700 ne a wata. Kuma na shekara biyu za ka kawo."

Na ce, "Alhaji, a dai duba mana."

Ya ce, "Ai na duba. Don kai ne ma. Akwai wanda ya zo da kuɗinsa a hannu, na ce ya dakata tukuna."

Lissafi nake koyarwa, saboda haka kafin in kai ƙofar ɗakina na riga na buga: 700 sau 24, sidi 16,800 ke nan. Ya kusa albashina na wata biyar, in ban ci ba, ban sha ba, ban hau mota ba.

A cikin jakar da nake zuwa makaranta da ita akwai wata takarda da ta kwana biyu a ciki, ta neman a mayar da ni aiki gida, Salaga. Na cike ta, ban miƙa ba. Duk Juma'a in na kira Inna, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Wai me ka ajiye a Ankara ne da ba za ka iya barinsa ba?" Haka tsofaffinmu suke kiran garin nan, Ankara, tun kafin su ji labarin ta Turkiyya. Ban taɓa ba ta amsar da ta gamsar da ita ba, ni ɗin ma ban gamsu ba. Shi ya sa na ce bari in baje lissafin a nan gaban jama'a, don na san ba ni kaɗai nake kwana da wannan tambaya ba a Nima, Madina, Fadama da Ashaiman.

Na gama kwalejin horon malamai a Tamale a 2012, na yi shekara biyu a wani ƙauye da ke kan hanyar Kpandai, inda in za ka buga waya sai ka hau wani tudu a bayan makaranta. A 2014 Allah Ya yi mini canji zuwa Accra. Na sauka a Circle da asuba, da akwati ɗaya da buhun doyar da Inna ta ce in kai wa Kawu. Ƙarfe biyar bai yi ba, amma kowa sauri yake kamar an biyo shi. Wata yarinya ta zo da babban kwano ta ɗauki buhun doyar a ka. Da na ji harshenta na gane 'yar arewa ce irina, kuma shekarunta ba su wuce na 'yan ajin da na baro ba. Kayayei ake ce musu, wato "kaya" tamu ta Hausa da kalmar mutanen Ga mai nufin mata. Ita ce mutum ta farko da na biya kuɗi a garin nan, har yau kuma ban daina tuna ta ba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali sunayen unguwanni ne. Ina cikin trotro sai in ji yaron mota yana kiran Tudu, Fadama, Sukura, Mallam, Kawukudi. Kasoa ma, da ke can kan hanyar Cape Coast, kasuwa ce baki ya lanƙwasa. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Cape Coast suka kawo Accra a 1877 mutanenmu suke shigowa, sojoji da fatake da malamai da mahauta. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa ya zauna a Nima a farkon shekarun 1930, Madina kuma aka kafa ta a 1959 ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo. Ke nan in Bahaushe ya ce Accra garinsu ne, yana da abin nunawa. Da Hausa zalla za ka iya cin wake da shinkafa da safe, ka yi ciniki a kasuwar Nima ranar Laraba, ka yi sallah, ka nemi aure, a yi maka suna, ba ka furta kalmar Turanci ko ɗaya ba.

Sai dai garin ya cika, ya batse. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra yana da mutum sama da miliyan 5.4, ya wuce Ashanti, alhali shi ne mafi ƙanƙantar fili a yankunan ƙasar nan. Yankinmu na Savannah kuwa shi ya fi kowane faɗin ƙasa, amma mutanensa wajen dubu 650 ne. Ina yawan ba 'yan ajina waɗannan alƙaluma su raba su ga mutum nawa ke kan kowace murabba'in kilomita. Amsar da suke samu ita ce dalilin da ya sa Alhaji yake iya kallona ya ce wani ya zo da kuɗi a hannu, kuma gaskiya ya faɗa.

Doka tana nan. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar adibas da ya wuce na wata shida, akwai kuma ofishin gwamnati mai kula da rikicin haya. Kowa ya san da dokar, masu gida ma sun sani. To amma ka kai ƙarar wa? Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya zo sunan ɗanka, wanda kuma in ka yi nasara a kansa yau, wa'adi na cika zai ce ɗansa zai yi aure yana bukatar ɗakin? In ka fita neman wani, dillali zai karɓi kuɗin yawo kafin ya nuna maka ko da ƙofa, in an daidaita kuma ya karɓi kasonsa. Na taɓa biyan kuɗin yawo sau uku a mako guda. Ɗaki na farko babu taga, na biyu yana bakin kwata, na uku kuwa da muka isa aka ce jiya aka ba da shi.

Ni ban ɗora wa masu gida laifin duka ba. Da yawansu tsofaffi ne da gidan gado ya zame musu fansho, kuma gidan na 'yan'uwa goma ne, kowa na jiran rabonsa. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, wanda ya karɓi kuɗin shekara biyu kafin nan ya ga kuɗin sun narke a hannunsa. Sun koyi darasi, mu muke biyan kuɗin makarantar.

Gidan da muke ciki ɗakuna goma sha ɗaya ne, famfo ɗaya, banɗaki biyu. Mu ma masu sa'a ne, don akwai gidaje a unguwar nan da babu ko ɗaya, sai na haya a bakin titi, ka bi layi da asuba da kuɗinka a hannu. Famfo in ya zo da tsakar dare matata take tashi ta tara, in bai zo ba a sayi jarka. Ruwan sha kuwa na leda ne. Duk wannan yana faruwa ne a wurin da in ka taka kaɗan za ka ga Jubilee House, fadar shugaban ƙasa, in ka tsallaka titi ɗaya kuma ka shiga Airport Residential, inda ake ba fulawa ruwa da tiyo. Yarana suna ganin duka biyun kullum. Babban ya taɓa tambayata ko mutanen can ma 'yan Ghana ne.

Za ka ce, to Malam ka koma bayan gari mana, Kasoa ko Amasaman ko Oyibi, inda haya take da sauƙi. Abokan aikina da yawa sun yi haka. Akwai wata malama a makarantarmu da ke zuwa daga Kasoa. Ƙarfe uku da rabi take tashi, ta dafa abinci, ta shirya yara, ƙarfe huɗu da rabi tana tasha. In ta makara da minti ashirin kacal, gosulon Mallam ya kama ta, sai bayan an shiga aji za ta iso. Da yamma haka. 'Ya'yanta ba sa ganinta da rana sai Asabar. Abin da ta rage a haya, trotro ya cinye fiye da rabinsa, sauran kuma jikinta ne yake biya. Akwai ɗalibaina da iyayensu suka ƙaura haka amma ba a canza musu makaranta ba. Ƙarfe goma na safe za ka ga yaro ya kifa kai a kan tebur. Farkon zuwana bulala nake nema. Yanzu sai in tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi.

Sannan ga ruwan sama. A Salaga in hadari ya haɗo murna ake yi, manomi yana duban gonarsa. A nan in hadari ya haɗo, ni littattafaina nake ɗorawa a kan kabad. Ina garin nan daren Laraba 3 ga Yuni, 2015. Na fito daga koyar da wasu yara darasin yamma ruwa ya tsare ni, na tako da ƙafa ruwa har cinya, takalmi a hannu, ina jin haushin wayata da ta jiƙe. Sai da gari ya waye muka ji abin da ya faru a Circle: kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, mutane sun fake a gidan mai, man ya bi ruwa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya ji ƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri. Wurin nan ne na sauka da buhun doyata shekara guda kafin nan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, babbar kwatar Nima da ke zuba a Odaw ba aljanu suke cika ta da shara ba. Na sha ganin ana fara yayyafi mutane suna fitowa da bokitin shara suna juyewa a ciki don ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuma ba ya tafiya da ita ko'ina sai ɗakin wani.

In da a nan lissafin ya tsaya, da tuni na miƙa takardata.

'Yata ta biyu tana da sikila. Mun gano tun tana jaririya, a nan Accra, aka sa mu a layin asibitin yara masu wannan ciwo a Korle Bu. Wani dare cikin sanyin hunturu, tana shekara huɗu, ciwon ya tashi mata a ƙirji. Numfashi yana yi mata wuya, leɓɓanta sun canza. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare na fito titi, cikin minti biyar na sami tasi, titi babu kowa, kafin ƙarfe biyu muna asibiti. Aka sa mata iskar oksijin, da safe aka yi mata ƙarin jini. Wani maƙwabcinmu, Kirista ɗan ƙabilar Ewe mai gyaran firji, shi ya zo ya ba da jini a madadin wanda aka sa mata, ko shayi bai tsaya ya sha ba. Kwana shida muka yi aka sallame mu.

Tun daga ranar nake auna daren nan da Salaga. Akwai asibiti a gida, ma'aikatansa kuma suna ƙoƙari, amma babban lamari Tamale ake turawa, tafiyar sama da kilomita 100. Rai a hannun Allah yake, wannan babu musu. Amma Shi ne Ya ce a nemi magani, kuma Korle Bu, da aka buɗe tun 1923, yana nan inda tasi zai kai ni cikin rabin awa in dare ya yi. Ga Ridge, ga 37. Duk lokacin da na ɗauko takardar nan daga jaka, fuskar yarinyar a daren nan nake gani. Inna ta san wannan, shi ya sa in na kawo maganar sai ta yi shiru, can ta ce, "Allah Ya ba ta lafiya," ta canza zance.

Akwai kuma abin da garin ya yi mini ni kaina. Da difloma na zo, a nan na yi digiri ina aiki, karatun Asabar da Lahadi, ban bar aji ko na mako guda ba. Darasin yamma da nake yi wa 'ya'yan masu hali a Kanda da Dzorwulu yana kawo mini abin da wani watan ya kai rabin albashi. A ƙauyen da na fara aiki, in ka koyar da yaro bayan an tashi, uban zai aiko maka da zabuwa ko doya biyar, ya gode, kuma har zuciyarsa ya gode. Amma zabuwa ba ta biyan kuɗin magani.

Ta fuskar addini kuwa, mu da ƙidaya ta ce kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen ƙasa, a Accra ne muke ganin nauyinmu. Ranar da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Yulin 2021, wanda Turkawa suka gina, na tsaya a harabarsa ina dariya ni kaɗai, na ce ga mutanen Ankara sun zo sun yi wa Ankara masallaci. Yana ɗaukar mutum dubu 15. Ranar idi a je dandalin Black Star a ga jama'a, shugabannin ƙasa suna zuwa su zauna a yi da su. Ga Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a Fadama, wanda a 2019, yana cika shekara ɗari, ya taka ya je cocin Katolika na Christ the King ranar bikin Ista. Wasu sun yi surutu a lokacin. Ni dai na ga amfanin abin a ɗakin malamai washegarin hutu, don ranar ba a yi hirar komai ba sai wannan, kuma da fara'a aka yi ta. A makarantarmu mu uku ne musulmi a cikin malamai. Duk Juma'a wata malama Kirista take riƙe mini aji in je masallaci, ni kuma in riƙe mata nata ranar da take da taron coci. Babu takardar da ta ce a yi haka.

Zama da mutane yana da nasa sharaɗi. Duk shekara kafin bikin Homowo, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda, daga Mayu zuwa Yuni, masallatai da coci-coci su mayar da lasifika ciki. Shekarar farko abin ya ba ni haushi. Kawu ya ce mini, "Kai yaro, ƙasar wa kakanninka suka roƙa suka gina zango?" Na yi shiru.

Inda nake jin ciwo sosai shi ne wajen tarbiyya, kuma a nan ina magana ne da bakin malami da na uba gaba ɗaya. Yarana Hausa suke yi, amma wata iri. Mu ma a Salaga ba Hausar Kano muke yi ba, na yarda, "Inna ya zo" muke cewa ba mu ji komai ba. Amma nasu ta wuce nan: kalma biyu Hausa, ɗaya Twi, ɗaya buroka. Ran nan na ce wa babban ya miƙo mini tabarma da buta, ya kawo butar ya tsaya yana kallona. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu. Makarantar allo ta koma Asabar da Lahadi da safe, su ma rabin yaran suna wajen darasin jarrabawa. Ni a shekarunsa na yi nisa a izu, kullum da asuba da dare muna gaban malam.

Ka fita bayan isha'i ka ga samari a majalisarsu, kowane lungu da tasa, ana dafa ataya har ƙarfe biyu. Da yawansu yaran kirki ne, rashin aiki da matsin ɗaki suka fito da su, don ɗakin da mutum bakwai suke kwana ba wurin zaman saurayi ba ne. Amma a cikinsu ne tramadol yake yawo, a cikinsu ne ake koyon damfarar intanet, a cikinsu ne ake shirya tafiya Libiya. Na koyar da yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da yanzu in ya hango ni sai ya canza hanya. Na kuma koyar da wata da yanzu take karatun likita. Lungu ɗaya suka fito. Kowane yaro a nan yana son ya zama Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya tashi daga filin ƙura ya je Ajax da West Ham, ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a wasa da Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022. Ina alfahari da shi kamar kowa. Ina dai gaya musu su ƙirga yaran da suka buga ƙwallo tare da shi a filin nan, su gaya mini inda sauran suke.

Wani abin kuma sai ka fita daga zango kake jin sa. Ka rubuta Nima a takardar neman aiki ka ga yadda ake sake kallonka. Na taɓa zuwa wani ofishi yin wata takarda, ma'aikacin ya ga sunana, ya tambayi ƙabilata, na ce Bahaushe ne daga Salaga. Ya ce, "Na ji, amma ainihin ƙasarku fa?" Kakan kakana da ayarin goro ya zo Salaga, tun kafin yaƙin 1892 da ya watsa kasuwar, tun babu wata ƙasa mai suna Ghana. Na yi masa wannan bayani cikin ladabi, ya ce in kawo ƙarin shaida. Tsofaffinmu da suka ga korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia, irin wannan tambaya ba wasa ba ce a wurinsu. A Salaga babu mai yi mini ita. Ana ganina ake cewa jikan wane ne.

Ga kuma baƙi. Duk wanda ya zo yin fasfo, ko rakiyar alhazai, ko ganin likita, ko neman aikin soja, gidan Malam zai sauka, don Malam yana Ankara, ma'aikacin gwamnati ne. Falona ya taɓa ɗaukar mutum biyar na mako biyu. Ba na ƙorafi a gabansu, baƙonka annabinka, kuma ni ma a falon Kawu na yi wata takwas. Amma in za su tafi kowa yana sa ran kuɗin mota da tsaraba. A gida an ɗauka kuɗi ake shara a titin Accra.

To me Salaga za ta ba ni? Albashin malami ɗaya ne ko'ina a ƙasar nan, na Accra bai fi na Salaga da ko fesuwa ba. A can akwai ɗakuna biyu a gidanmu da ke kulle suna jirana, ba haya, ba adibas. Da keke zan je makaranta. Doya da masara daga gona, kifi daga Makango. In an tashi ƙarfe biyu, biyu da kwata ina gida, in ci abinci da yarana, in kai su makarantar allo da kaina. Inna ta tsufa, ƙafa tana damunta, ƙannena mata duk sun yi aure. Yaran arewa kuma sun fi na nan bukatar malamin lissafi, wannan na sani tun ina ƙauye, kuma yarinyar nan mai kwano a Circle shaida ce. Ana kiran Salaga garin rijiya dubu, amma da rani neman ruwa aiki ne, ban manta ba. Duk da haka in na rufe ido na tuna sanyin asuba a ƙofar gidanmu, babu hon, babu hayaƙi, sai in ji kamar in tashi in kama hanya.

Da na kawo wa matata wannan lissafi, tana cikin ƙulla kuɗin cinikin ranar, ba ta ko ɗago ba. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, daga biyar na asuba zuwa tara, kuma masu sayenta yawanci ba Hausawa ba ne, ma'aikatan ofis ne da direbobi. Ta ce, "Malam, a Salaga wa zan sayar wa koko? Kowane gida suna damawa." Ta ce ita a Mamobi aka haife ta, uwarta tana nan, adashinta yana nan. Sannan ta nuna ɗakin da yarinyar take barci da haɓa, ba ta ƙara komai ba. Gaskiya ne kuma, wata da yawa kuɗin kokon nan ne yake kai mu ƙarshen wata, ba albashina ba.

Mako biyu ina juya abin. Daga baya na bi hanyar da aka saba bi a zango: na ɗauki Kawu da limamin masallacinmu muka koma wurin Alhaji bayan sallar la'asar. Liman ya yi nasiha a kan sauƙaƙa wa mai neman sauƙi, Kawu ya tuna masa wata alfarma da mahaifinsu ya taɓa yi wa nasa tun ina ƙasa ban zo duniya ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce 650, kuma ya yarda da shekara guda, amma kada sauran 'yan haya su ji. Ga shi kuwa na rubuta a jarida, Allah Ya sa ba ya karanta shafin Hausa. Sidi 7,800 ke nan. Matata ta kawo kwasar adashinta, na ciko sauran da rance daga asusun malamai na ƙungiyarmu, za a riƙa cira a albashi.

Takardar canjin aiki tana nan a jaka, gefenta ya fara naɗewa. Ranar Juma'a na kira Inna na gaya mata mun ƙara shekara guda. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ta ce, "To, in an yi dogon hutu ka turo mini manyan biyu, in koya musu gaisuwa. Ƙaramar ka bar ta kusa da likitocinta." Na ce to. Ta ce kuma kada in biyo da su ta Tamale, in bi ta Kumasi da Yeji, su hau jirgin fito zuwa Makango, su ga ruwan da ba na kwata ba.